Takardun Sashe da na Tsangaya a Jami'a: Asalinsu, Amfaninsu da Hanyar Adana Su, da Misali daga Gyadi-Gyadi

Takardun tarihi na sashe su ne rubuce-rubucen da wani sashen koyarwa na jami'a ya samar, ko aka aiko masa, a yayin gudanar da aikinsa, waɗanda aka gama amfani da su na yau da kullum amma aka zaɓe su don a ajiye har abada. Sashe shi ne ƙaramin rukunin da ke koyar da fanni guda, kamar Sashen Tarihi ko Sashen Tiyata. Tsangaya kuwa gungun sassa ne masu dangantaka da juna a ƙarƙashin shugaba ɗaya. A bisa su akwai Majalisar Dattawan Jami'a mai yanke hukunci a kan al'amuran karatu, da ofishin magatakarda mai riƙe da manyan fayiloli. Yawancin abin da ke isa wannan majalisa daga sashe yake tasowa, kuma yakan isa ne a taƙaice. Muhawarar da aka yi, da dalilan da aka kawo, da sunayen waɗanda suka goyi baya ko suka ƙi, duk a fayil ɗin sashe suke tsayawa. Wannan ne ya sa jami'ar da ta adana takardun ofishin magatakarda kaɗai take da hukunci ba tare da hujjarsa ba.

Matakan rayuwar takarda

Masana adana takardu sun raba rayuwar takardar ofis kashi uku. A mataki na farko takarda tana kan aiki, tana yawo tsakanin teburin sakatare da na shugaban sashe, ana buɗe ta kusan kowane mako. A na biyu aikinta ya lafa, sai jefi-jefi ake nemanta, kamar sakamakon ɗaliban da suka kammala shekaru uku da suka wuce. A na uku sai a yanke mata hukunci: ko a lalata ta bisa ƙa'ida, ko a ɗauke ta zuwa taskar dindindin. Kaso kaɗan ne na takardun kowace ma'aikata yake cancantar kaiwa taska. Asarar da aka fi yi tana faruwa ne a mataki na biyu, lokacin da takarda ta bar teburin mai ita amma ba ta shiga hannun mai adanawa ba. A nan ne ake ɗaure ta da igiya, a jefa cikin kwali, a tura sito ko ƙarƙashin matattakala, babu wanda ya rubuta abin da ke ciki.

Ire-iren takardun sashe

Kashi na farko, kuma mafi daraja, shi ne rahoton tarukan hukumar sashe da ta tsangaya. A cikinsa ake ganin ranar da aka fara tunanin buɗe sabon kwas, da wanda ya kawo shawarar, da yadda aka raba darussa tsakanin malamai. Kashi na biyu takardun manhaja ne: jadawalin kwasa-kwasai, littafin jagoran ɗalibai, da tambayoyin jarrabawa na kowace shekara. Tambayar jarrabawa shaida ce mai ƙarfi, domin littafin jagora yana faɗin abin da aka yi niyyar koyarwa, ita kuwa tana nuna abin da aka ɗauka ɗalibi ya sani.

Kashi na uku ya shafi ɗalibai: jerin waɗanda aka ɗauka, takardun rajista, ɗanyen maki da malami ya sa wa hannu, babbar takardar sakamako da hukumar tsangaya ta amince da ita, da rahoton mai jarrabawa na waje, wato malamin wata jami'a da ake gayyatowa ya duba ingancin tambayoyi da adalcin maki. Na huɗu kundaye ne, daga na digirin farko har na digirin digirgir. Na biyar takardun ma'aikata, da wasiƙun da sashe ya yi musaya da hukumomi da masu ba da tallafin bincike. Na shida kuwa kayan bincike ne da kansu: littafin ɗakin gwaje-gwaje, faifai da kaset na hira da dattawa, hotuna, taswira, da kofen rubutun ajami ko na Larabci da aka samo a gidajen malamai.

Akwai kashi na bakwai da ake yawan mantawa da shi, wato takardun malami na kansa. Shehun malami da ya yi shekaru talatin a sashe yakan tara wasiƙu, da daftarin littattafan da bai kammala ba, da bayanan darasi. Idan ya yi ritaya ko ya rasu, iyali sukan kwashe ofishin cikin kwana ɗaya, kuma sau da yawa ba su san wanda za su miƙa wa ba.

Tushen al'adar a ƙasar Hausa da Nijeriya

Rubuta tarihin karatu ya daɗe a ƙasar Hausa. Malaman zaure suna ba almajirin da ya sauke wani littafi ijaza, wadda ke ambaton wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da malaminsa, har silsila ta kai ga mawallafi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi mai suna Ida'un Nusukh inda ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowanne, kuma daga irin wannan rubutu ne masana tarihi suka gano manhajar karatun ƙarni na 18 a wannan yanki. Aikin da ijaza ta yi wa almajiri shi takardar sakamako ke yi wa ɗalibin jami'a, sai dai ijaza tana cikin gafakar mai ita, takardar jami'a kuwa amana ce a hannun ma'aikata.

Adana takardun hukuma a tsarin zamani ya samo asali ne daga aikin masanin tarihi Kenneth Dike, wanda ya zagaya Nijeriya a farkon shekarun 1950 yana duba halin da tsofaffin fayilolin gwamnati ke ciki. Rahotonsa ya kai ga kafa ofishin adana takardu a 1954, aka yi masa doka a 1957, kuma reshen Kaduna ya zama matattarar fayilolin lardunan Arewa, har da na Lardin Kano. A 1992 aka sabunta dokar. A ɓangaren jami'o'i, Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, ya tsaya kan shirin tattara rubuce-rubucen tarihin Arewa, sannan ya zama shugaban farko na Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970. A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, akwai kuma Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda Jami'ar Bayero ta mayar cibiyar bincike. A Yamai, cibiyar binciken ilimin ɗan'adam ta Jami'ar Abdou Moumouni tana riƙe da tarin rubutattun littattafai da Boubou Hama ya aza harsashinsu.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan cibiyoyi sun fi mayar da hankali ga takardun wasu: na sarakuna, na malaman jihadi, na Turawan mulki, na 'yan siyasa. Sassan da suka horar da masu wannan aiki su ma suna samar da takardu kowace rana, kuma su ma tarihi ne da za a nema nan gaba.

Jami'ar Bayero: sauyin suna da ƙaura

Tarihin Jami'ar Bayero misali ne na yadda takardun cibiya ɗaya ke rarrabuwa. Ta fara a 1960 da sunan Kwalejin Ahmadu Bello a harabar Makarantar Nazarin Larabci a Kano. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sauya mata suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen sabuwar jami'ar. A 1964 ta koma mazauni na wucin gadi a tsohon otal ɗin filin jirgin sama, inda ta ɗauki ɗalibanta na farko na digiri, su goma, waɗanda suka kammala a 1966. Daga nan ta tare a harabar da yanzu ake kira Tsohuwar Jami'a, a bayan ganuwa wajen Kabuga da Dukawuya. A 1975 ta zama kwalejin jami'a mai majalisar gudanarwarta, Dokta Mahmud Tukur yana shugabanta, a 1977 kuma ta zama cikakkiyar jami'a. Bayan haka aka gina Sabuwar Jami'a a kan titin Gwarzo, tsangayoyi suka riƙa ƙaura ɗaya bayan ɗaya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da tasiri a kan fayil. Wanda ya yi karatu a Kano a ƙarshen shekarun 1960 digirin Jami'ar Ahmadu Bello ke hannunsa, don haka mai binciken wannan zamani dole ya duba Kano ya kuma duba Zariya. Sunan da ke kan tambarin wasiƙa ya sauya sau uku cikin shekaru goma sha bakwai. A cikin gida ma haka: tsangaya takan rabu biyu, sashe yakan haifi sassa uku, cibiya takan sauya suna, kamar cibiyar nazarin harsunan Nijeriya mai fitar da mujallar Harsunan Nijeriya, wadda aikinta ya faɗaɗa har ya haɗa da fassara da hikimomin al'umma. Duk lokacin da sashe ya rabu, tambayar da ke tasowa ita ce wa zai riƙe tsofaffin fayiloli. Idan ba a amsa ta a rubuce ba, kowane ɓangare yakan ɗebi abin da ya ga ya shafe shi, jerin da ya kamata ya zauna wuri ɗaya ya tsinke.

Lamarin bai tsaya ga Jami'ar Bayero ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil ta koma Jami'ar Aliko Ɗangote, jami'ar jiha da aka kafa a 2012 da sunan Northwest an sa mata sunan Yusuf Maitama Sule a 2017, Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi kuma an taɓa ɗaga darajarta zuwa jami'a. Tsohon ɗalibin kowace daga cikinsu zai buƙaci takardar da ke haɗa tsohon suna da sabo.

Gyadi-Gyadi: ma'aikata biyu a haraba ɗaya

A unguwar Gyadi-Gyadi da ke Ƙaramar Hukumar Tarauni, a kan titin Zariya, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An kafa shi a 1988, ya fara aiki a aro cikin Asibitin Murtala da ke cikin birni, sannan ya tare a mazauninsa na yanzu a 1996. A cikin wannan haraba ne sassan koyar da aikin likita na Jami'ar Bayero suke: tiyata, cututtukan manya, lafiyar yara, haihuwa da cututtukan mata, lafiyar al'umma da sauransu.

Tsarin wurin yana da sarƙaƙiya ta fuskar takardu. Asibitin yana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar gudanarwarsa. Jami'ar tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa. Babban likita ɗaya yana iya zama malami a jami'a kuma ƙwararren likita a asibiti, yana da fayil a nan yana da wani a can. Da safe zai zagaya ɗakin marasa lafiya da ɗalibai a bayansa. Abin da ya rubuta a katin majiyyaci na asibiti ne, makin da ya ba ɗalibi a kan wannan zagaye na jami'a ne, binciken da zai wallafa daga baya kuma ya ɗebo daga duka biyun.

Ɗalibin likitanci ma takardunsa a warwatse suke. Yakan yi shekarun farko na ilimin sassan jiki da aikinsu a harabar jami'a, ya ƙarasa a Gyadi-Gyadi, babban fayil ɗinsa kuwa yana ofishin magatakarda a titin Gwarzo. Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya tana da nata rajista, ita ke tantance makarantar ta kuma ƙayyade yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Likitan da ke neman ƙwarewa bayan digiri kuwa kundinsa yana tafiya ga kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, ko da yake a sashen aka yi aikin. Wanda zai rubuta tarihin dashen ƙoda, wanda asibitin ya fara a 2002, zai buƙaci rajistar ɗakin tiyata, da rahoton tarukan sassan da abin ya shafa, da wasiƙun abokan aiki na waje, da takardun horar da ma'aikata. Waɗannan ba a ofis ɗaya suke ba, ba kuma a ƙarƙashin hukuma ɗaya ba. Maganin irin wannan hali shi ne rubutacciyar yarjejeniya tsakanin jami'a da asibiti, mai fayyace wace takarda ce ta wa, da jagorar bincike guda ɗaya mai nuna inda kowace take.

Amfanin takardun sashe

Amfani na farko haƙƙin ɗalibi ne. Wanda ya kammala shekaru ashirin da suka wuce, ya samu gurbin ƙaro karatu a Ingila ko aiki a Saudiyya, za a nemi cikakken sakamakonsa na kowane kwas, wani lokaci har da bayanin abin da kwas ɗin ya ƙunsa da yawan sa'o'insa. Idan an samu saɓani tsakanin takardu biyu, ɗanyen makin da malami ya sa wa hannu shi ke raba gardama. Haka kuma takardun sashe ke bayyana giɓin da baƙo ba zai gane ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2020, da na 2022 wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sun sa an sauya kalandar karatu, kuma hujjar cewa ɗalibi bai maimaita aji ba tana cikin rahoton tarukan da suka tsara wannan sauyi.

Na biyu tantancewa ce. Hukumar Kula da Jami'o'i ta fitar da mafi ƙarancin ma'aunin karatu a 1989, ta sabunta shi a 2007, ta kuma ƙaddamar da sabon tsarin manhaja a ƙarshen 2022. Ayarin da take turowa yakan nemi tsofaffin tambayoyi, da takardun amsa da aka yi wa maki, da rahoton mai jarrabawa na waje. Sashen da ke da tsari yakan fito da su cikin awa ɗaya, wanda ba shi da shi kuwa sai ya yi makonni yana tone kwalaye.

Na uku shari'a da amana. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. A binciken da ya biyo baya da ƙararrakin da aka shigar a Nijeriya da Amurka, tambayoyin da suka fi zafi na takarda ne: ko iyaye sun amince da saninsu, ko akwai izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin a fara, da kuma ranar da aka rubuta takardar izinin. An sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Darasin da ke ciki ga kowane sashe mai bincike a kan mutane shi ne, rajista mai lamba a jere da kwanan wata, wadda ba a iya cusa mata shafi daga baya, kariya ce ga majiyyaci da mai bincike baki ɗaya.

Na huɗu shi ne ilimi kansa. Kundayen digiri na sassan Hausa, Tarihi, Larabci da Nazarin Addinin Musulunci suna ɗauke da hirarraki da maroƙa, maƙera, majema, unguwarzoma da masu unguwanni waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Kundi ɗaya a kan tarihin wata unguwa, a ce Darmanawa ko Unguwa Uku, yana iya zama kaɗai rubutaccen bayanin yadda take kafin gine-gine su cinye gonakinta. Jerin sunayen ɗalibai na shekara da shekara kuma yana nuna lokacin da mata suka fara shiga wani fanni da yawa, da garuruwan da ɗalibai ke fitowa.

Abubuwan da ke lalata takarda a Kano

Takarda ta fi daɗewa a wuri mai sanyi, wanda zafinsa bai wuce digiri 20 ba, laimar iska kuma tana tsaka-tsaki ba ta hawa da sauka. Yanayin Kano akasin haka yake. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Da hunturu iska takan bushe ƙarau har takarda ta riƙa karyewa, ga ƙura mai shiga ko'ina. A watan Agusta kuma laima takan yi yawa, takarda ta jiƙe ta yi funfuna. Wannan kai-komo tsakanin bushewa da laima shi ke gajiyar da ita. Takarda mai tsami da aka yi da niƙaƙƙen itace, wadda aka fi amfani da ita a ofisoshi a ƙarnin da ya wuce, takan yi ja ta ruɓe da kanta, ƙusar maƙala takardu kuma takan yi tsatsa ta ci gefen shafi.

Gara ita ce babbar maƙiyiya. Takan biyo tsagar daɓe ko bango ta shiga kwalin da aka ajiye a ƙasa, ta cinye cikinsa ta bar bayansa lafiya lau. Ɓeraye da kyankyasai suna biye, sai yoyon rufi da ambaliya. Gobara ba ta da yawa amma ba ta barin komai: a Oktoban 2016 wuta ta ci ginin ɗakin karatu na Jami'ar Jos, wanda wasu sassa ma ke zaune a cikinsa, a Afrilun 2021 kuma ta ci ɗakin karatun Jagger na Jami'ar Cape Town tare da tarin kayan nazarin Afirka.

Duk da haka hannun mutum ya fi waɗannan ɓarna. Sabon shugaban sashe yana neman ofis ga sababbin malamai, sai a ce a share sito. Wani ya ari fayil bai sa hannu ba, bai kuma dawo da shi ba. Akawun da ya san mazaunin kowace takarda ya yi ritaya da sanin a kansa. Tsofaffin takardun ofis da ake gani an naɗe ƙosai ko balangu da su a kasuwanni ta irin wannan hanya suke fita.

Ƙa'idojin aikin adanawa

Ƙa'ida ta farko ita ce kiyaye asali: takardun kowane ofis a ajiye su tare, kada a gauraya da na wani ko da batunsu ɗaya. An tsayar da ita a Faransa a 1841, kuma duniya ta karɓe ta. A nan taska ta bambanta da ɗakin karatu, inda ake jera littattafai bisa fanni. Wasiƙa guda ba ta cika ma'ana sai an ga wadda ta gabace ta da amsar da ta biyo baya, da ofishin da ya riƙe ta. Ta biyu ita ce kiyaye tsarin da mai takardun ya bari, da lambobin fayil ɗinsa, ko da mai adanawa yana ganin zai iya tsarin da ya fi.

Ta uku jadawalin ajiya ne, wato rubutacciyar doka mai faɗin tsawon ran kowane irin takarda. Rahoton taro, babbar takardar sakamako, manhaja, kofe ɗaya na kowace tambayar jarrabawa, kundayen manyan digiri da rajistar izinin bincike, waɗannan na dindindin ne. Takardun amsa na ɗalibai, da takardun neman hutu, da kofe na biyu na sanarwa, ana riƙe su na 'yan shekarun da jami'a ta ƙayyade sannan a lalata, a bar samfuri kaɗan. Lalatawar ma da ƙa'ida: kwamiti ya amince, a rubuta jerin abin da aka lalata, a yi shi ta hanyar da babu shafin da zai fita waje. Sashen da ya ce zai ajiye komai ƙarshensa ya rasa komai, domin mai amfani zai nutse cikin tarkace.

Ta huɗu ita ce bayani. Kowane kwali ya samu lamba, da sunan sashe a lokacin da aka samar da takardun, da shekarun da ya ƙunsa. A gaban jerin a rubuta gajeren tarihin sashen: yaushe aka kafa shi, daga wane sashe ya fito, waɗanne sunaye ya ɗauka, su wa suka shugabance shi. Ta biyar tanadin wuri ne, kuma yawancinsa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: kanta ta ƙarfe da ta ɗaga daga ƙasa ta kuma ja da baya daga bango, ɗaki mai iska wanda rana ba ta faɗa wa takardu kai tsaye, cire ƙusoshi da roba, duba alamun gara kafin damina da bayanta, abin kashe gobara, da littafin aro a bakin ƙofa.

Takardun kwamfuta

Yau yawancin sakamako a kwamfuta ake haɗa shi, rajista ta intanet ake yi, sanarwar taro kuma ta WhatsApp take zuwa. Wannan ya sauƙaƙa nema amma ya kawo sabuwar asara. Fayil ɗin da ke cikin kwamfutar jami'in jarrabawa ta kansa yakan tafi da shi idan ya bar muƙamin. Shawarar da aka yanke a zauren waya ba ta shiga rahoton taro. Kaset da faifan da aka ɗauka a shekarun 1980 da 1990 na'urar kunna su ta yi wuya, manhajar da aka rubuta wasu fayiloli da ita kuma an daina amfani da ita. Takarda tana iya jure shekara hamsin na sakaci, fayil ɗin kwamfuta kuwa sai ana sabunta mazauninsa a kai a kai.

Hanyar da masana suka yarda da ita ita ce a riƙe kofe uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gini dabam. A ajiye takardun dindindin a tsarin da ba na kamfani ɗaya ba, a ba su suna mai ɗauke da sashe da shekara, a yi amfani da adireshin imel na ofis maimakon na mutum. Ɗaukar hoton tsofaffin takardu yana rage taɓa su da hannu, amma ba ya zama izinin zubar da asali, domin sa hannu da tambari a kan asali suke.

Doka da sirri

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ɗora wa ma'aikatun gwamnati nauyin tsara bayanansu yadda za a iya samunsu, ta kuma keɓe bayanan da suka shafi rayuwar mutum. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tsare sirrin majiyyaci, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta shafi duk mai riƙe da bayanan mutane, har da jami'o'i. Saboda haka taskar sashe tana buƙatar matakan buɗewa. Manhaja, da littafin jagora, da kundaye, a buɗe suke ga kowa. Rahoton taro ana buɗe shi bayan wasu shekaru. Fayil ɗin ɗalibi ko ma'aikaci, da shari'ar satar jarrabawa, da duk abin da ke ɗauke da sunan majiyyaci, a rufe suke sai ga mai haƙƙi ko mai bincike da ya samu izini ya kuma ɓoye sunaye. A sassan da ke Gyadi-Gyadi wannan ya fi tsanani, domin hoton koyarwa ko bayanin wata cuta da aka gabatar a taron sashe yana iya tona wanda maƙwabtansa za su gane.

Rabon alhaki

Jami'ar Oxford ta naɗa mai kula da taskarta tun 1634, kuma abin koyi a nan shi ne muƙamin, domin takardar da ba a ɗora wa kowa ba ita ce ke salwanta. Majalisar Dattawan Jami'a ce ke amincewa da manufa da jadawalin ajiya. Magatakarda da shugaban ɗakin karatu su ke samar da taska ta tsakiya da ƙwararren mai kula da ita, kuma sassan koyar da ilimin ɗakin karatu a Kano da Zariya suna yaye waɗanda za su iya aikin. Shugaban tsangaya ya tabbatar kowane sashe yana miƙa takardunsa na dindindin a lokacin da aka tsayar. Shugaban sashe ya sa jerin fayiloli cikin takardar miƙa mulki, wanda ya gaje shi ya ƙirga ya sa hannu. Sakatare da akawu, waɗanda su ne ke taɓa takarda kullum, a ba su horo a kuma rubuta abin da suka sani kafin su yi ritaya. Malaman da suka kusa ajiye aiki a tattauna da su a kan makomar takardunsu tun suna ofis, iyalan waɗanda suka rasu kuma a sanar da su inda za su kai abin da ke hannunsu.